Ɓarawon Waya Ba Ya Shiga Sai An Buɗe Masa Ƙofa

A wannan wata za mu yi bayani ne kan wasu ɓarayi da ba sa haura katanga, ba sa fasa rumbu, ba sa kwance saniya a turke. Ta cikin wayar hannu suke zuwa. Su ne 'yan damfara. Za mu duba yadda suke aikinsu, da sabuwar dabarar da masana suka fito da ita don yaƙar su, da kuma abin da ya kamata kowannenmu ya yi don ya tsare guminsa.

Abin da na gani a Ƙofar Ɗan Agundi

Wata ranar Laraba bayan la'asar na tsaya wurin wani yaro mai POS kusa da Ƙofar Ɗan Agundi a birnin Kano, zan ciri kuɗi. Sai ga wani dattijo ya zo a gurguje, waya a kunne, katin banki a hannu. Manomi ne daga ƙauye. Ya sayar da riɗinsa a kasuwar Dawanau, ya biyo cikin gari don ya duba 'yarsa da ke aure a nan. Kuɗin riɗin, naira 340,000, suna cikin asusunsa.

Ya ce wa mai POS, "Yaro, taimaka ka karanta mini lambar nan da ta shigo yanzu. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Mutanen banki ne ke jira."

Yaron ya ce, "Baba, wane ne ya ce maka mutanen banki ne?"

Dattijo ya ce, "Shi ya faɗa. Har sunana ya kira, da sunan mahaifina. Ya ce in ban ba shi lambar ba kafin magariba za a rufe asusuna."

Yaron ya karɓi wayar ya ce, "Salamu alaikum. Daga wane reshe kake magana? Ga mu nan zuwa da Baba yanzu." Nan take aka kashe waya.

Ashe dattijon ya riga ya karanta wa mutumin lambobin da ke jikin katinsa, gaba da baya. Abu ɗaya ya rage, wato lambobin nan da banki ya aiko ta saƙo. Da ya faɗe su, da kuɗin noman shekara guda sun tafi kafin ya kai bakin titi. Yaron ya taimaka masa aka rufe katin. Dattijo ya zauna a kan benci, ya cire hula, yana ta salati.

Wurin da abin ya faru ya sa ni tunani. Ɗan Agundi ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar Kano, tana tsakanin Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Na'isa. A zamanin da kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa. Shi ke rufe ta da dare, shi ke buɗe ta da safe, shi ke lura da mai shiga da mai fita. Yau kowa yana yawo da ƙofar dukiyarsa a aljihu. Wayarka ce ƙofar, kuma ba ta da wani Sarkin Ƙofa sai kai.

Yadda abin ya faro

Damfara ba sabuwar aba ba ce. Tun a shekarun 1980 da 1990 ake aika wasiƙun ƙarya ana yi wa mutane alkawarin dukiya. A lokacin ne sunan 419 ya bazu. Wannan lambar wani sashe ce a cikin kundin dokar laifuffuka, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara.

A watan Agusta na 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. Sannu a hankali ta kai ƙauyuka da yawa. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, mai lambobi 11, wadda ke haɗa duk asusun da mutum yake da su. A Disamba 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Ita ma lambobi 11 ne. Sannan a farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin fasalin naira. Mutanen karkara da yawa waɗanda ba su taɓa hulɗa da banki ba suka buɗe asusu dole, suka koma ciniki ta waya da POS.

Waɗannan abubuwa sun kawo sauƙi. Manomi ba ya bukatar ɗaure kuɗi a ƙugu ya bi hanyar daji. Amma duk lokacin da aka fito da sabon tsari wanda jama'a ba su gama ganewa ba, ɗan damfara ya samu kasuwa. Kuma kada a ɗauka aikin yara ne kawai masu neman na kati. A Disamba 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene guda a Legas bisa zargin damfara ta waya da intanet, cikinsu har da baƙi 'yan ƙasashen waje. Wato abin ya zama kamar kamfani, da ma'aikata da lokacin aiki.

Irin dabarunsu

Na farko, ɗan banki na ƙarya. Shi ne wanda ya kira dattijon nan. Zai ce an samu matsala a BVN ɗinka, ko za a rufe katinka, ko za a sabunta maka asusu. Bukatarsa ita ce lambar katinka, da lambarka ta sirri, da lambar da banki ke aikowa ta saƙo, wadda 'yan banki ke kira OTP.

Na biyu, mai albishir. Zai ce sunanka ya fito a tallafin gwamnati, ko rancen noma, ko takin zamani, ko kujerar Hajji, ko aikin ɗamara ga ɗanka. Sai dai ka fara biyan kuɗin fom.

Na uku, mai kuskure. Saƙo zai shigo wayarka kamar an turo maka kuɗi. Sai wani ya kira yana marairaicewa, wai kuɗin maganin mahaifiyarsa ne ya turo bisa kuskure, don Allah ka mayar masa. Alhali ko sisi bai shiga ba. Da irin wannan saƙo na bogi ake karɓar hatsi da dabbobi a kasuwa. Mai kaya ya ga saƙo ya saki kaya, sai ya je cirar kuɗi ya tarar wayam.

Na huɗu, mai mummunan labari. Zai ce ɗanka da ke ci-rani a kudu ya yi haɗari, ko an kama shi, a turo kuɗi yanzu-yanzu.

Na biyar, aljanin dare. Wannan sananne ne a ƙasar Hausa. Zai kira da tsakar dare da wata irin murya, ya yi sallama, ya ja ayoyi, ya ce shi sarkin aljanu ne. Zai yi alkawarin dukiya, ko ya yi barazanar mutuwa ga 'ya'yanka. Sharaɗinsa shi ne kada ka gaya wa kowa. 'Yan sanda sun sha kama irin waɗannan a jihohin arewa, kuma duk wanda aka kama mutum ne ɗan Adam mai cin tuwo. Aljanin da ke bukatar katin waya ai ba aljani ba ne.

Na shida, ɓarawon WhatsApp. Zai ce za a yi taron ƙungiyarku ta waya, ka karanta masa lambobi 6 da aka aiko maka. Da ka karanta ya ƙwace WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka.

In ka duba da kyau za ka ga duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ko dai su tsorata ka, ko su kwaɗaita maka. Sannan su ce ka yi sauri. Sannan su ce ka yi shiru. Ba sa son ka samu minti biyar na tunani, ba sa son ka yi shawara da kowa.

Wani zai ce, to yaya aka yi ya san sunana? Wannan ba abin mamaki ba ne. Duk wanda ya sa lambar asusunka a waya kamar zai turo maka kuɗi, sunanka zai fito masa. Ga takardun da muke cikewa na neman tallafi, ga hoton katin shaida da muke bari a shagon buga takardu, ga rasit da muke yarwa a ƙasa. Sanin sunanka ba shaida ba ce cewa mutum daga banki yake.

Mece ce ƙirƙirarriyar basira?

Yanzu bari mu zo kan sabon makamin da ake magana a kai. Kuna ji a rediyo ana cewa ƙirƙirarriyar basira, wasu kuma su ce AI. Ba aljani ba ce, ba tsafi ba ne. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ce, wato kwamfuta, da aka horar.

Ga misali. Yaron da ya taso a kara, wato kasuwar shanu, ya ga shanu dubbai. Ba wanda ya zaunar da shi ya ba shi darasi. Amma saboda yawan gani, da ya kalli sa zai gaya maka mai lafiya ne ko maras lafiya. Haka ake yi wa na'urar. Ana nuna mata saƙonni da maganganu masu ɗimbin yawa, na gaskiya da na ƙarya, har ta koyi bambanta su. Wata kuma ana horar da ita har ta iya sauraron magana ta ba da amsa da murya kamar ta mutum.

Tsohuwar da ba ta gajiya da hira

A watan Nuwamba na 2024 wani kamfanin waya a Ingila mai suna O2 ya fito da wata tsohuwa da ya sa wa suna Daisy. Ba mutum ba ce, na'ura ce mai muryar tsohuwa. An zaɓi muryar tsohuwa ne saboda 'yan damfara sun fi farautar tsofaffi. Wajen horar da ita kamfanin ya nemi taimakon wani mutum da aka sani da suna Jim Browning, wanda ya shahara wajen tona asirin 'yan damfara a YouTube.

Ga yadda aka ɗana tarkon. 'Yan damfara suna da jerin lambobin mutanen da suke ganin za su yi sauƙin cuta, suna sayar wa juna. Sai kamfanin ya cusa lambobin Daisy cikin irin wannan jeri. In ɗan damfara ya kira, ita ce za ta ɗauka. Aiki uku na'urar ke yi a lokaci guda. Tana mayar da maganar mai kira ta zama rubutu. Tana shirya amsa irin ta tsohuwa mai yawan mantuwa. Sannan ta faɗi amsar da murya. Duk cikin ƙiftawar ido.

In ya ce ta karanto lambar katinta, sai ta shiga ba shi labarin kyanwarta, ko saƙar da take yi, ko 'yan'uwanta. In ya matsa, sai ta ba shi lambar ƙarya. Ya gwada ta ƙi, ya dawo, ta sake rikicewa. Kamfanin ya ce ta kan riƙe ɗan damfara har minti 40 a waya. Wasu sukan fusata su yi ta zagi, ita kuwa ko a jikinta.

Ina amfanin wannan? Jarin ɗan damfara shi ne lokacinsa. Duk mintin da ya ɓata wurin Daisy, minti ne da bai kira wata tsohuwa ta gaske ba. Bayan haka, ana sauraron irin ƙaryar da suke yi a gane sababbin dabarunsu.

A ƙasar Ostareliya ma an yi irin wannan. Wani malamin Jami'ar Macquarie da ke birnin Sidni, Farfesa Dali Kaafar, shi da abokan aikinsa sun ƙera nasu mai suna Apate. Su ba tsohuwa ɗaya suka yi ba. Muryoyi ne masu yawa, maza da mata, yara da manya, kowanne da halinsa. A 2025 wani babban banki na ƙasar, Commonwealth Bank, ya sanar cewa yana amfani da su don ɓata wa 'yan damfara lokaci da tattara bayanansu.

Sai dai a lura da abu biyu. Daisy Turanci take ji, kuma a Ingila take aiki. Ba za ta ɗauki kiran da aka yi wa manomin Kura ko Bichi ba. Na biyu, kada wani ya ce shi ma bari ya riƙa jan ɗan damfara da hira don ya wahalar da shi. Ita na'ura ba ta da asusu, ba ta da 'ya'ya, ba ta jin tsoro. Kai kana da su duka. Garin hira sai ka saki abin da ba ka yi niyya ba.

Abin da ya iso gare mu

Akwai irin wannan taimako da ya fara zuwa ƙasarmu. A watan Maris na 2025 kamfanin Airtel ya fara amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tace saƙonnin da ke shiga wayoyin masu layinsa a Nijeriya. Na'urar tana lura da halin mai aiko saƙo, misali layin da ke aika saƙonni barkatai zuwa ko'ina. In ta yi zargi, sai ta liƙa wa saƙon gargaɗi da Turanci, "Suspected SPAM". Ma'anarsa, ana zargin wannan saƙo na banza ne ko na yaudara. Ba a bukatar babbar waya, ko ƙarama ce gargaɗin zai fito. Ɗalibanmu su koyi gane waɗannan kalmomi biyu ko da ba su iya Turanci ba.

Masu babbar waya kuma da yawa sun san Truecaller, wata manhaja da aka ƙirƙira a ƙasar Suwidin a 2009. In mutane da yawa sun yi ƙarar wata lamba, sai ta nuna ja in lambar ta kira ka. Amma sunan da take nunawa mutane ne suka rubuta shi. Ɗan damfara na iya sa wa layinsa sunan banki. Saboda haka ja gargaɗi ne, amma rashin ja ba shaidar gaskiya ba ce.

Bankuna ma suna da na'urorin da ke lura da yadda kuɗi ke fita. In asusun da bai saba fitar da fiye da naira 10,000 ba ya tashi fitar da naira 300,000 da ƙarfe biyun dare, na'urar na iya tsayar da shi. To amma in kai da bakinka ka ba ɓarawo lambar sirri, ita na'ura za ta ɗauka kai ne.

Su ma ɓarayin sun samu

Nan ne wurin da ya kamata a buɗe kunne. Wuƙar da mahauci ke aiki da ita, ita ce ɗan daba ke ɗauka. Ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar mutum. In aka ba ta ɗan guntun maganarsa, kamar saƙon murya na WhatsApp, sai ta riƙa faɗin abin da bai taɓa faɗa ba da irin muryarsa. Tana iya haɗa hoton bidiyo na ƙarya, ka ga fuskar wani babban mutum ko malami yana tallar wata harkar zuba kuɗi, alhali bai san an yi ba.

A farkon 2024 an yi wa wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong irin wannan. An kira shi taro ta bidiyo. Ya ga fuskar babban jami'in kuɗi na kamfanin da wasu abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu. Suka umarce shi ya tura kuɗi, ya tura kimanin dala miliyan 25. Daga baya aka gano duk waɗanda ya gani na'ura ce ta haɗa su. Wannan mutum ne mai ilimin boko, a babban kamfani. Saboda haka wanda aka damfara ba wawa ba ne, kuma ilimi kaɗai ba ya hana a cuci mutum in bai yi bincike ba.

A da mukan ce, "Ai na gane muryarsa." Yanzu wannan bai isa ba. Mukan ce, "Ai da Hausa ya yi mini magana, ɗan gida ne." Wannan ma bai isa ba, don masu cutar da yawa 'yan gida ne, kuma na'urori sun fara iya Hausa.

Dokoki bakwai na tsare ƙofa

1. Lambar sirri ta katinka, da lambar da banki ke aikowa ta saƙo, da lambobin jikin kati, kada ka faɗa wa kowa a waya. Banki na gaskiya ba ya tambayar su. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya rantse.

2. In an kira ka da labarin tsoro ko na albishir, kashe wayar. Ba rashin ladabi ba ne. Ka nemi mutumin da kanka ta lambar da ka sani tun da. In banki ne, ka taka ka je.

3. Ku yi wata kalma ta sirri a gida, wadda ku kaɗai kuka sani. In an kira da muryar ɗanka ana neman kuɗi, ka tambayi kalmar. Ko ka yi tambayar da baƙo ba zai sani ba, kamar sunan gonar da kuka shuka gyaɗa bara.

4. Kada ka saki kaya saboda ganin saƙo. Duba abin da ke cikin asusunka tukuna, ka tabbata ya ƙaru.

5. Duk tallafi ko aiki ko kyautar da aka ce sai ka tura kuɗi asusun wani mutum kafin ka samu, ka bar shi. Ka tambayi mai unguwa, ko dagaci, ko malamin gona, ko ofishin ƙaramar hukuma. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

6. Duk wanda ya ce kada ka gaya wa kowa, to maza ka gaya wa wani. Gaskiya ba ta tsoron shawara.

7. Kada ka ara wa kowa asusunka ko layinka ko lambar NIN ɗinka, ko da zai biya ka. Da asusun aro ake karɓar kuɗin sata, kuma mai sunan ne za a fara kamawa. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiya ta hanyar yaudara.

Akwai ƙarin magana kan wurin mai POS. Ka danna lambarka ta sirri da hannunka, ka kare da ɗaya hannun. Kada ka rubuta ta a jikin kati. Lambobi huɗu ne kawai. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya iya ƙidaya ba ya bukatar wani ya danna masa. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa aji.

In an riga an cuce ka

Abu na farko shi ne sauri. Kusan kowane banki yana da wata gajeriyar lamba da ake dannawa a rufe asusu nan take, ko da da wayar wani ce. Ka je bankinka tun yau ka tambayi wannan lamba, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida. Kada ka bari sai ranar da abin ya faru.

In wayarka ta ɓata ko an ƙwace ta, kada ka tsaya jimamin wayar. Layin da ke ciki shi ne mabuɗin asusunka. Ka rufe asusu, sannan ka je ofishin kamfanin waya a rufe layin a ba ka wani.

Bayan haka ka je banki ka kai ƙara a rubuce. Kada ka goge saƙonnin, kada ka goge lambar da ta kira ka, don su ne shaida. Ka sanar da 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda ke da ofishi a Kano. In banki bai saurare ka ba, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen karɓar koken jama'a. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da lambar 622 ta kai kuka kan kamfanonin waya, kuma kyauta ce. Mai son rage saƙonnin talla da ke cika masa waya sai ya aika kalmar STOP zuwa 2442.

Gaskiyar magana, ba kullum kuɗi ke dawowa ba. Ɓarayin kan rarraba su zuwa asusu daban-daban cikin 'yan mintoci. Amma wanda ya kai ƙara da wuri ya fi wanda ya kwana samun dama.

Babban abin da ke taimakon ɗan damfara shi ne kunya. Na san wata baiwar Allah mai riƙe wa matan unguwarsu kuɗin adashi. Aljanin dare ya karɓe kuɗin kaf. Ta yi wata biyu ba ta gaya wa ko mijinta ba, tana ta rama, har sai da ranar kwasa ta zo. A cikin wata biyun nan mutumin ya kira wasu mata biyu a unguwar. Da ta yi magana tun farko, da sun tsira. Saboda haka in an cuci wani a garinku, kada a yi masa dariya. A jajanta masa, a kuma sanar a masallaci da wurin biki da ajin karatu.

Kammalawa

Masana na ta ƙoƙari, kuma na'urorin da ke tare 'yan damfara za su ƙaru. Muna fata hukumomi da kamfanonin waya za su sa gargaɗin nan ya riƙa fitowa da Hausa, har da murya, saboda waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Amma ku tuna da dattijon Ƙofar Ɗan Agundi. Abin da ya cece shi shi ne ya tsaya ya nuna wa wani kafin ya faɗi lambar, aka kuma yi wa mai kiran tambaya ɗaya tak. Wannan kowa zai iya, ko da ƙaramar waya gare shi.

Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa iyayensa da matansa da maƙwabtansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana halalinmu, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne lambobi ne bai kamata a faɗa wa kowa a waya ba?

2. Me ya sa jin muryar ɗan'uwa a waya bai isa shaida ba a yanzu?

3. Mene ne abu na farko da za ka yi in wayarka ta ɓata?

4. Wace irin damfara aka taɓa yi a garinku, kuma yaya aka gane ta?